Rigar da Aka Binne a Doguwa

Bebeji, biyar da rabi na asuba

Muna idar da salla muka tashi, ni da Malama Hauwa mai gwajin jini a asibitin da nake gadi. Kular ƙanƙara na kan cinyata. Gilasai uku ne a ciki, kowanne bai kai kwalin ashana ba, da siraran hanyoyi a jikinsa kamar jijiyar ganye. Wani likita ne ya zo da su daga waje a ƙarshen mulkin soja, ana gwada su. Ɗigo ɗaya gilashin ke sha, ya nuna ko jinin mutum ne ko na dabba.

Ƙanena Sale na tsare a Doguwa. Wani makiyayi, Buba, ya ɓace kwana tara, aka tsinci rigar Sale jina-jina a bakin daji. Ya ce naman gada ya ƙunsa a ciki. Ba wanda ya yarda. Amai da gudawa ne ya share gidanmu tun muna yara, mu biyu muka rage.

Kiru, ƙarfe bakwai

A-kori-kura, naira ashirin kowa. Muka sha koko a tsaye. Gaba kaɗan akwai shinge.

"Baba, kan mutum ka ɗauko?" in ji wani mai bindiga a shingen, yana dariya.

Ya buɗe kular, ya yage ledar gilashi ɗaya, ya dangwala masa yatsa. Malama ta ce wannan ya mutu. Saura biyu.

Tudun Wada, ƙarfe goma

Babu wuta a garin, babu ƙanƙara. Na naɗe kular da jiƙaƙƙen buhu. Fijo, naira sittin. Direba ya ce in an shiga dajin Falgore ba ya tsayawa ko uwarsa ce ta ɗaga hannu. Mun fi rabin awa a ciki. Ko tsuntsu ban ji ba.

Doguwa, sha biyu da rabi

Rigar ba ta wajen hukuma. Mai unguwa ya miƙa wa uwar Buba, don ba a barin jinin mutum a yashe. An sa rigar a likkafani, an binne bayan ruga, har an yi addu'ar uku. Tsohuwar ta ce ba mai taɓa mata kabarin ɗa.

Na durƙusa na ce, "Inna, in jinin nasa ne, da hannuna zan mayar da rigar, kuma ba zan ƙara buɗe baki kan Sale ba."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta matsa.

Muka tono. Malama ta yanki ƙyalle ta jiƙa a kwalba. Don mutane su gani, ta fara huda yatsana ta ɗiga a gilashi na biyu. Jinin ya kama hanya shi kaɗai, yana rarrafe, yana shan kwana, ba mai tura shi. Maza suka ja da baya, wani na ta'awizi. Ƙarshen gilashin ya yi shuɗi, alamar jinin mutum.

Sai na ƙarshe, da ruwan rigar. Minti goma sha biyar muna tsaye. Bai sauya ba.

"Ba na mutum ba ne," in ji Malama.

Tsohuwar ta dubi ramin, ta dubi gilashin.

"To tambaye shi ina ɗana."

Malama ta ce gilashin bai san wannan ba. Muka bar tsohuwar zaune a bakin ramin, ta hana a rufe.

Komowa

Mun kwana a gidan mai unguwa, tuwon masara da miyar kuka. Da safe aka ba ni Sale. Ƙarfe tara, a tsakiyar Falgore, wani na tsaye a gefen titi, sanda a kafaɗa irin ta makiyaya, babu saniya ko ɗaya. Sale ya damƙe mini gwiwa. Na ce wa direba ya tsaya. Ya ce shi bai ga kowa ba, ya ƙara mai.

Mun shiga Bebeji kafin la'asar. Na gode wa Allah, na gode wa Malama Hauwa. Har yau ban tambayi Sale wa ya gani ba.