Na Bi Gawar Akori-kura Har Sabuwa

Alhaji Bature mai hatsi ya tsaya a tsakiyar tashar Ƙanƙara, ranar kasuwa, ya ce ni Isuhu na ɓoye jarkokin fetur ƙarƙashin buhunan masararshi, wai shi ya sa akori-kurarshi ta ƙone a hanyar Mairuwa. Shekara goma sha bakwai ina ja mashi mota. Duk mai zama a yankinmu ya san mi ake nufi in an ce mutum yana ɗaukar fetur a jarka a ɓoye: mutanen daji yake kai mawa. Alhaji bai faɗi haka da bakinshi ba, ya bari mutane su ƙarasa mashi. Sati uku ba wanda ya miƙo mani makulli. In na zauna kan benci sai kowa ya tuno yana da uzuri. 'Yan sa-kai sun zo unguwarmu sau biyu suna tambayar maƙwabta ƙarfe nawa nake fita.

Ni aji biyu na sakandare na tsaya, ban iya dogon turanci ba. Amma ni ne a cikin motar, kuma na san ta gaba wutar ta taso, don tabon yana nan a hannuna na dama inda na kama bonet. Bakina kaɗai ba ya isa. Da na ji an sayar da gawar motar ga wani ɗan gwangwan a Faskari, sai na ce zan bi ta, ta yi magana da kanta.

Litinin: Ƙanƙara zuwa Faskari

Na fito gida bayan asuba, ƙarfe biyar da rabi, tun gari bai waye ba, don kada in haɗu da masu kallona ta gefen ido. Fitowar banza ce, don ba direban da zai hau hanyar Sheme sai rana ta ɗaga an ga motocin can sun shigo. Sai bakwai da kwata muka tashi, cikin wata tsohuwar mota ta Ɗanlami, mu tara har da shi. Na biya kuɗin wuri biyu a gaba, naira dubu uku, don ina son hancina kusa da inji. Tun da abin ya faru haka nake, ko a kan babur sai na shinshina.

Ba mu kai 'Yargoje ba na ce, "Ɗanlami, motarka na warin mai."

"Kai Isuhu, kai yanzu ko kunu aka dama warin fetur kake ji."

Fasinja suka yi dariya. Takwas saura minti goma, a bakin kasuwar 'Yargoje, mota ta yi tari ta mutu. Ya buɗe bonet na leƙa. Ya naɗe famfon mai da tsumma, irin wanda ake jiƙawa don famfo ya huce, tsumman ya bushe ƙayau ya sha baƙin mai. Batir ba maɗauri, da robar taya aka ɗaure shi, kanshi saura kaɗan ya taɓa bonet. Kafireto a buɗe, ba murfi ba matacin iska, in ta yi atishawa wuta za ta tofo. Tiyon mai ya tsattsage kamar ƙafar manomi, yana ɗiga a kan salansa.

Na ce, "Huɗu na ƙirga. Wanne kake so ya kashe mu?"

"Shekara shida haka take tafiya."

"Tawa ta yi sha bakwai."

Wata Hajiya a baya ta ce ita dai a sauke mata kayanta. Nan Ɗanlami ya ga ba wasa. Na cire tsumman na jefar, na yanke ruɓaɓɓen bakin tiyon na maida na ɗaure da waya, muka tashi takwas da rabi. Shingen jami'an tsaro uku muka wuce kafin Sheme, kowane a sauka a ɗaga riga. Goma da minti arba'in muka shiga Faskari.

Ɗan gwangwan ɗin, Malam Sani, ya tafi ƙauye sayen kaya, sai bayan la'asar ya dawo. Na gaya mashi abin da ke tafe da ni.

"Ayya, ka makara. Inji na farfasa na auna, ya tafi. Gangar jikin kuma Baba Tanko bakanike na Sabuwa ya ɗauka, ƙafafun baya yake so, amalanken shanu zai haɗa. In bai yanka ta ba, to yana gab."

"Ka ga alamar jarka a bayanta?"

"Ni ƙarfe nake gani, Malam, ban duba laifin kowa."

Yamma ta yi, ba mota. Ya ba ni tabarma a shagonshi, aka kawo mamu tuwon masara da miyar kuka daga gidanshi. Bai tambaye ni komai ba kuma bai ɓoye wayarshi ba. Rabona da a yi mani haka sati uku.

Talata: Mairuwa, Funtuwa, Dandume, Sabuwa

Ƙarfe bakwai na ci waina ta ɗari biyar a tasha, bakwai da rabi muka tashi. Na sauka Mairuwa tara saura kwata, na taka da ƙafa zuwa inda abin ya faru, bai kai kilomita ɗaya daga gari ba. Kwaltar wurin har yanzu baƙa ce. Gonar da ke gefen ta wani dattijo ce, Baba Nomau, Bamaguje, wanda ranar ya fara rugowa da kwandon ƙasa. Na same shi yana ɗaurin dawa.

"Mai hannu, kai ne? Ya warke?"

"Hannu ya warke, Baba. Suna ne bai warke ba."

Na gaya mashi abin da Alhaji ya ce. Ya aje igiyar.

"Aradu ƙarya yake. Ni da 'ya'yana muka janye buhunan nan ɗaya bayan ɗaya, lokacin an tafi da kai wurin mai magani. Har ƙasan mota na gani da idona. In da fetur a wurin, da yanzu da wa kake magana? Shi mai motar da ya iso ma ai bai tambayi ko kana da rai ba, buhu ya hau ƙirgawa."

Na ce ko zai maimaita in ɗauka a waya. Ya gyara hula ya ce in ɗauka har da fuskarshi, don Ƙanƙara ba wanda bai san shi ba a kasuwar shanu. Ya cika mani aljihu da gyaɗa.

Daga Mairuwa zuwa Funtuwa rabin awa. Na jira motar Dandume ta cika har sha ɗaya da rabi, daga Dandume kuma na hau wata zuwa Sabuwa, muna tafe direba na tambayar duk motar da muka gamu da ita ko gaba lafiya. Uku da minti ashirin na sauka. Garejin Baba Tanko na bayan tasha, kowa ya san shi.

Tun daga nesa na gane ta. An ɗora ta kan duwatsu, an riga an cire ƙafafun baya, ga tukunyar gas a gefe. Shekara goma sha bakwai ina wanke motar nan da hannuna. Ban san lokacin da na dafa ƙofarta ba.

"Lafiya, bawan Allah? Saye za ka yi?" Baba Tanko ne, tsoho gajere, gilashinshi ɗaure da zare.

"Baba, ni ne direbanta. Don Allah kada a sa mata wuta sai ka duba mani ita."

"Da gas ɗina bai ƙare jiya ba, da ka tarar da ita gunduwa-gunduwa. Zauna ka faɗa mani."

Da na gama, ya zagaya baya ya ƙwanƙwasa ƙasan bodin da sifana.

"Dubi nan. Fenti ne wannan ko ba fenti ba? Inda fetur ya ci, ƙarfe lanƙwashewa yake, ya yi fari, ruwa na taɓa shi ya yi tsatsa. Jarka kuma in ta narke, manne wa ƙarfe take kamar ƙaro, sai an sa kurfi an ɓamɓare. Ina take? Wutar nan ba ta zo baya ba sai da ta gaji."

Muka dawo gaba. Can kam ƙarfen ya yi ja da tsatsa, ya fi muni ta gefen batir. Ya ce tsohuwar mota ta kan kama ta hanya uku: ko mai ya ɗiga inda ke da zafi, ko baƙin mai da ƙaiƙayi su taru a jikin inji, ko waya. Ya sa hannu ya jawo wata waya da ta rage tagulla zalla, ya bi ta da yatsa har inda ta ratsa wani rami a jikin ƙarfe.

"Robar ramin nan ta daɗe da cinyewa, ƙarfe ya yi ta gugar waya har ya fere ta. Taɓa bakinta."

Na taɓa. Ya dunƙule kamar ƙwayar gero.

"Wayar da wuta ta tarar ba ta kan yi haka ba. Wannan da kanta ta narke. Ina ta nufa?"

"Hon."

"To ai fiyus ya kamata ya ƙone ya cece ku. Aikinshi ke nan, ya mutu mota ta rayu."

Gidan fiyus ɗin ya narke ya zama dunƙule baƙi. Baba Tanko ya ɓamɓaro shi, ya ɗora kan dutse, ya buga a hankali da guduma. Ya rabe biyu. A layi na uku, inda fiyus ɗin hon yake zama, ƙusa ce kwance, ta kwano, mai hula.

Na zauna a ƙasa. Sai lokacin komai ya dawo mani. Kwana uku kafin gobarar hon ɗin yana ta ƙona fiyus, na sa biyu duk suka tafi. Na ce wa Alhaji a kai wa mai wayarin, ya ce ba za a ɓata wuni guda don hon ba. Ana gobe tafiya ya karɓi makulli ya kwana da motar a gidanshi, lokacin ana rufin sabon sitonshi. Da safe ya kawo ta tasha da kanshi, yana danna hon yana dariya, yana ce wa Malam Lawal shugaban tasha ya gyara da hannunshi, masu wayarin sai su nemi wani.

Na gaya wa Baba Tanko. Ya cire gilashi ya goge.

"Ba shi kaɗai ba ne. Wani takardar sigari yake naɗawa, wani waya. Amma ƙusa sai mai ƙarfin hali."

Ya ƙi karɓar ko sisi. Ya naɗe mani dunƙulen da wayar a buhu, na ɗauki hoton bodin ta kowane gefe, shi ma ya yi bayani a waya, har yana nuni da sifana kamar malamin makaranta. A gidanshi na kwana, aka yi mani dambu.

Laraba: Komawa

Bakwai daidai muka bar Sabuwa. A shingen da ke kafin Sheme wani soja ya zazzage buhun ya ce wannan fa? Na ce shaida ce. Ya juya dunƙulen, ya ga ƙusar, ya kira ɗan'uwanshi ya zo ya gani, suka yi ta dariya. Ya ce in gaida mai motar.

Uku da rabi na sauka Ƙanƙara. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Malam Sani da Baba Nomau da Baba Tanko, mutanen da ba su haɗa komai da ni ba. Ban je gida ba. Na yi la'asar a masallacin tasha, na jira aka fito. Alhaji Bature na kan bencin shugaba, inda yake zama kullum ana loda mashi kaya.

Na shimfiɗa buhun a gaban Malam Lawal, na kunna wayar na ƙure murya. Direbobi suka taru, 'yan kamasho suka bar lodi, har biyu daga cikin 'yan sa-kai suka matso. Baba Nomau ya yi magana, Baba Tanko ya yi. Sannan na buɗe dunƙulen.

Na ce, "Shugaba, ranar da za mu tafi Mairuwa, wa ya ce maka ya gyara hon da hannunshi?"

Malam Lawal ya dubi ƙusar, ya dubi Alhaji. "Alhaji, kai ka faɗa. A nan wurin. Ɗanlami ma yana tsaye."

Ɗanlami ya ce, "Ina tsaye."

Alhaji ya miƙe yana gyara babbar riga, murya ƙasa-ƙasa. "Isuhu, wannan ba maganar tasha ba ce. Zo mu je gida. Na yi cinikin wata motar, kai nake so ka riƙe ta."

Na ce, "Alhaji, a tasha ka faɗa, ba a gida ba. Ka san inda muke zaune, ka san abin da ake yi wa wanda aka ce yana kai fetur daji, kuma ka faɗa don kada a ce Alhaji Bature ya ƙone motarshi da ƙusar kwano. Kunyarka ka auna da raina ka ga ta fi nauyi. Ni ba na son motarka, ko yau aka fito da ita daga leda. Ga mutanen da ka gaya mawa, ba wanda ya tafi. Juyo ka dube su ka ce ƙarya ka yi mani, da ƙarfi yadda ka faɗi ta farko. Ina tsaye, ba inda za ni."