Littafin da Bappa ya tofa wa yawu

Ina aji uku a sakandare, lokacin da aka ce mun koma Jihar Arewa maso Gabas, malamin Turancinmu ya ara mini wani littafi. Labarin wani gari ne na nan gaba inda gwamnati ta hana gaisuwa, wai ɓata lokaci ce. Ka ce wa maƙwabci sannu, shi da kansa zai kai ƙararka.

Na tambayi malam me ya kai mutum rubuta wannan masifa. Ya ce da can Turawa garin daɗi suke ƙirƙirowa a littattafansu, kowa a ƙoshe. Da suka sha yaƙi, suka ga abin da inji da mulki ke iya yi, sai suka juya suna zana mafi munin gari, don mutane su tsorata su kauce. Na gyaɗa kai har wuyana ya kusa tsinkewa, ban gane komai ba.

Bakina ne ya ja mini. Ranar Juma'a bayan masallaci na kwashe labarin na ba Bappa, yayan babana da ke riƙona a Yola Gari, mutumin da gaisuwarsa kaɗai sai tuwo ya huce.

"Kai, tsaya. Ya faru?"

"Bai faru ba, Bappa."

"Tatsuniya ne?"

"A'a, gargaɗi ne wai."

"Mugun mafarki ne, sakarai! Mugun mafarki ana faɗa? Shi har ya buga a takarda! In wannan ake koya muku, Litinin gonarmu ta Mbamba za ka, ba makaranta ba."

Ni kuwa da fartanya ba ma ga maciji. Na maimaita bayanin malam, ina yi ina ƙara rikicewa. In faɗar mugun abu ke jawo shi, malam ya cuce mu. In kuma shiru ke jawo shi, Bappa ne zai cuce mu.

Goggo, matar Bappa, ce ta raba. Ta ce tunda mafarki ne, a yi masa maganin mafarki. Bappa ya riƙe littafin ta hagunsa, ya tofa sau uku, aka raba ƙosai sadaka. Litinin na miƙa wa malam kayansa, bango duk jirwaye. Na ce ruwan sama ne, ga shi a watan Maris muke.

Da na dawo, Bappa ya kira ni zaure, ya gaishe ni ya fi na kullum tsawo, sannan ya rage murya.

"Mutanen garin nan, daga ƙarshe sun gaisa?"

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Bari, kar ka faɗa. Je ka yi karatunka."