Igwoyin da Tankari Ya Kai wa Babansa

Yaya Tankari ya shekara goma sha ɗaya a birnin Guangzhou na China yana ɗaure kayan mutane yana turawa gida. Ɗakinsa na kallon nawa a wani tsohon bene a unguwar Sanyuanli. Mutum ne da ofishinsa na Xiaobei da masallacin Juma'a kaɗai ya sani a garin. In ka ce masa a je kallon wani wuri, sai ya ce, “Ni kaya na zo ɗaurewa, Huzaifa, ba buɗe ido ba.”

A watan da ya miƙa fasfonsa don sabunta izinin zama aka kira shi daga Gusau. Mahaifinsa, tsohon sojan igwa tun zamanin yaƙin basasa, ya daina cin abinci, ya daina magana. Fasfo kuwa sai bayan kwana tara zai fito.

Rannan muna dawowa da la'asar, ya kira ƙanwarsa Saffana ta bidiyo, lokacin can safiya ce. Muna wucewa ta dandalin tunawa da yaƙin da ƙauyawan Sanyuanli suka yi da Turawan Ingila, wayar ta hasko wata tsohuwar igwa da aka girke a gefe. Sai muka ji muryar tsohon.

“Tsaya. Ina bakinta yake kallo?”

Tankari ya kusa yar da wayar. Ya zagaya igwar yana nunawa, tsohon yana tambayar kaurinta, yana cewa wannan ai sai ƙarti takwas. Saffana ta lallaɓo da kunu. Ya sha cokali shida bai sani ba.

Daga ranar Tankari ya rufe ofis. Kullum kafin ƙarfe uku, lokacin da Saffana ke ba tsohon kunu, yana tsaye gaban wata igwa da waya a hannu. Ya gama da na dandalin, ya hau tudun Yuexiu inda aka jera wasu a gindin jan bene mai hawa biyar, ya je Shamian inda biyu suke kallon kogi. Yakan dawo ya zauna a bakin gadona yana ba ni labari. Wai amare na jingina da igwa ana ɗaukar su hoto. Wai ya ga tsohuwa tana rubutu a ƙasa da ruwa da ƙaton buroshi, kafin ta kai ƙarshen layi farkon ya bushe. Ba ya dariya in yana faɗa. Ƙarshen kowane labari shi ne adadin cokali: shida, biyar, biyar, uku.

Rana ta biyar ta faɗo Litinin. Gidan tarihin da ya sa rai a kansa a rufe yake. Na raka shi, ya riƙe ƙarfen ƙofa yana roƙon mai gadi, yana ce masa laoban, wato maigida.

“Laoban, minti biyar kawai. Babana ne.”

Mai gadin ya kaɗa hannu. “Meyo, meyo.” Wato babu.

Ƙarfe uku ta kusa. Muka ruga dandalin farko, Tankari ya durƙusa ta bayan igwar nan ta ranar farko don ta fito kamar wata daban.

“Baba, ga sabuwa na samo maka.”

Tsohon ya daɗe yana kallo. “Wannan mai tsaga ce a gindi. Ka nuna min ita ran Alhamis.” Ya kawar da kai daga cokalin. “Ni za ka yi wa wayo, Tankari? Shekara uku ina kwana da igwa.”

“Baba, sun ƙare. Wallahi sun ƙare, na rasa inda zan je.”

Ya zauna daɓas a ƙasa, yana kuka a gaban 'yan China masu motsa jiki. Saffana ma muna jin shessheƙarta. Ni dai na tsuguna na riƙe masa wayar.

“Kwana nawa ya rage fasfon ya fito?” in ji tsohon.

“Huɗu, Baba.”

“To ka daina yawo da ni gari-gari. Kai nake son gani. Saffana, ba ni cokali huɗu.”

Biyu ya iya haɗiyewa. Na ukun ya dawo ta gefen bakinsa, Saffana ta goge da bakin zaninta, ta ce za ta sake gwadawa an jima, ta kashe wayar.

Tankari ya miƙe bai kakkaɓe wandonsa ba. Ya san an ce masa sai Juma'a, takardar karɓar fasfon ma tana aljihunsa, amma ya tare tasi ya ce a kai shi ofishin da fasfonsa yake, ko Allah zai sa wani ya saurare shi kafin a tashi. Na shiga na zauna kusa da shi.