Goggo Batula Tana Raye!

Jama'a, albishirinku! Da safen nan labari ya iso ni: Goggo Batula tana raye!

Bara aka ce mana ta rasu a hanya, har sadaka muka yi mata. Yau sai ga jikarta ta kira ni a bidiyo, ta juya wayar, sai ga tsohuwa zaune kan tabarma tana shan shayi. Na yi ta kuka ina dariya.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce ungozomar ƙauyenmu kusa da Wad Haddad a Sudan, katangarmu ɗaya.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in, ina ƙarama, Innata Hauwa ta kwanta da ciwon zuciya. Hakim, wato likitan asibitin garin Madani, ya ɗora ta kan maganin tsinka jini. Da Baba ya rasu ta daina barci, ta daina magana, aka ƙara mata na damuwa.

Kun san halinmu. Ba a zuwa dubiya hannu biyu, kuma ba a mayar da kyauta. Duk wanda ya dawo daga Jidda sai ya kawo kwalbar fitamin, Inna kuwa kunya ba ta barinta ta ce a'a.

Sai Goggo ta kafa kujera a bakin ɗaki da faifai a cinya. Kowace kwalba nan take sauka.

Kawu Sale, yayan Inna, ya zo da wasu ƙwayoyi masu ruwan zinariya, ya ce sai ta haɗiya a gabansa. Inna har ta miƙa hannu. Goggo ta riga ta.

"Batula, guba na kawo wa ƙanwata?"

"Ya Hajj, kuɗinka halal ne, niyyarka kyakkyawa ce. Amma ni ban san abin da ke ciki ba, kai ma ba ka sani ba. Hakim za a tambaya."

Kawu ya fita ko sallama babu. Mata a gonar auduga suka ce Goggo ce ke shanye ƙwayoyin, shi ya sa kumatunta ke sheƙi. Ta ce, "Ƙwarai, ku zo ku ga yadda nake tashi sama."

Da kanta ta hau lori zuwa Madani, kwalabe ɗaure a gefen mayafi. Hakim ya ware na Kawu, ya ce fitamin E ne mai ƙarfi, in ya haɗu da maganin Inna jini kan iya ɓallewa. A cikin sauran, guda ɗaya ya amince Inna ta sha. Ya ce miyar lalo ta ci yadda ta saba, kada ta ƙara, kada ta rage, na damuwa kuma ba a yanke shi farat ɗaya.

Ni ba likita ba ce, abin da na ji nake faɗa. Mai shan irin waɗannan magunguna, don Allah ya nuna wa likitansa kowace kwalba tukun.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Goggo a kasuwar garin Rufa'a ce. Ta riƙe haɓata ta ce, "'Yar Hauwa, kin rame. Ki ci abinci, ban ce ki sayi ƙwaya ba."

Inna ta warware, ta koma gona, ta goya 'ya'yana duka kafin Allah Ya karɓe ta. Ya so ta da rahama, Ya ajiye mana Goggo a bakin ƙofa.

Ya Allah Ka ƙara mata lafiya, Ka haɗa fuskokinmu tun muna numfashi, Ka jiƙan Inna da Kawu. Wanda ya karanta, don Allah ya sa Goggo Batula a addu'arsa ta yau.