Jinin da Muka Bayar da Kanmu

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta su, amma ranar da aka sallami Inna daga asibiti tana nan daram a raina, kuma na san da ita zan koma ga Allah.

Ana gab da faɗuwar damina ciwon ciki ya kayar da ita a ƙauyenmu da ke bayan Gwiwa. Muka kai ta wani asibitin kuɗi a Kazaure, likita ya ce sai an yi mata aiki, kuma tana buƙatar jini. Ƙannena maza biyu suka hau babur suka zo, aka gwada, aka ɗebi nasu. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ni ce babba, don haka ni na yi jinya.

Da aka faɗa mana kuɗin sallama, Baba ya cire hularsa, ya dube ta, ya mayar. Na san abin da yake tunani. Ba shi da wata kadara sai bijimansa biyu na huɗa, da su yake nome gonarmu.

Na ce, "Baba, kuɗin nan ya yi yawa. Ku bari in je in ji yadda aka yi ya kai haka."

Ya ce, "Ke! Mutanen da Allah ya tashi uwarki a hannunsu za ki je ki yi ciniki da su, kamar kin je sayen gyaɗa? Kada ki ja mana abin kunya." Ya ce zai je gida ya nemo, ya tafi.

Ni kuwa Allah bai yi ni da haɗiye magana ba. Gari na wayewa na tsaya gaban mai karɓar kuɗi, na ce, "Malam, don Allah faɗa min abin da muke biya, ɗaya bayan ɗaya." Ya ɓata rai, amma ya fara: aiki, gado, magani, jini leda biyu da aka saya.

"Aka saya? A wajen wa?"

Na ƙwala wa ƙannena kira. Suka naɗe hannun riga, ga shaidar allura ɓaro-ɓaro. Muryata ta tashi har likita ya fito. Mutumin kirki ne, ya saurare ni, sannan ya yi min bayani: kuɗin gwaji da na leda dole mu biya, amma kuɗin jinin kansa na wanda bai zo da mai ba shi ba ne. Har maganin da muka sayo a kemis da kanmu an sake ɗora mana. Ya ba mu haƙuri, aka cire. Abin da ya rage, ni da ƙannena za mu iya haɗawa.

Nan take na kira wayar Baba, ba ta shiga. Na yi ta kira. Sai bayan azahar ga shi ya shigo, aljihu a cike, igiya a naɗe a hannunsa. Wallahi ina ganin igiyar nan na gane abin da ya faru. Ya sayar da bijiman, kuma dillalai sun ga matsuwa a fuskarsa, sun yi masa sayen wulaƙanci. Ɗaya daga cikin ƙannena ya garzaya kasuwar ko za a fanso su, ya tarar an riga an loda su a mota zuwa kudu.

Daminar nan da hannu Baba ya yi huɗa, dattijo da shi, rabin gonar kuma ciyawa ta cinye. Wata rana da ya dawo daga gona yana riƙe da ƙugu, ya zauna da ƙyar, ya ce, "Da na bar ki kin tambaya, 'yar nan." Na juya baya don kada ya ga hawayena. Har ya rasu bai sake mallakar bijimi ba.

Tun daga nan na gane cewa tambayar abin da za ka biya ba butulci ba ne ga wanda ya yi maka magani. Ka gode masa, ka kuma tambaye shi, tun kafin a fitar da abin da gida yake ci da shi.