Bindigar Maigidana da 'Yan Tsakina

Bazara ce, ta shekarar da aka ce motoci su koma hannun dama. Zafi ya yi zafi a Kafanchan, mangwaro na faɗowa a kan kwano kamar ana jifa, kuma kowane namiji a garin yana jin cewa duk abin da ya tarar a duniya ana iya juya shi ya fi kyau.

Muna zaune a barikin reluwe, ciki da falo. Maigidana fita ne, wato makaniki, a loko, inda ake gyaran kan jirgi. Ni kuwa ba gona, ba lambu. Abin da nake da shi nawa na kaina kaza ce guda, wadda mamata ta ba ni daga Kagoro. Ta ƙyanƙyashe goma sha ɗaya. Kafin sati uku shirwa ta mayar da su biyar. Kullum da la'asar take zuwa, kamar mai karɓar aiki.

Na yi wa maigida kuka. Nufina ya samo mini 'yar waya mu yi keji. Sai ga shi ya dawo da bindigar iska, wadda wani direban jirgi da aka yi wa canji ya bar masa. Irin wadda ake karya hancinta, a sa ɗan harsashin dalma kamar ƙwayar dawa, a mayar.

"Maman yara, kwanan shirwa ya ƙare," in ji shi.

Ya kafa gwangwanin madara a kan turmina, ya ja da baya taku ashirin, ya harba. Bindigar ta ce "fuf", kamar tsohuwa ta hura wuta. Harsashin ya faɗi a tsakiyar hanya, kazar ta je ta duba ko abin ci ne.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne mai gadin sito, tsohon soja, muna ce masa Baba. Ya leƙo ta kan danga, ya karɓa, ya jujjuya.

"Fatar ciki ce ta bushe," in ji Baba. "Ɗigo biyu na man keken ɗinki, ka bar shi ya kwana. Shi ke nan. Kuma kada ka matse ta kamar ka kama ɓarawo, riƙe ta sako-sako."

"Ɗigo biyu?" Maigida ya yi dariya. "Baba, ni da nake shayar da kan jirgi mai da bokiti?"

A loko, duk abin da ya ƙi tafiya magani biyu gare shi: a ƙara mai, a ƙara ɗaurewa. Da wannan ilimin ya tasar wa bindigar.

Ya shimfiɗa tabarma, ya jera sifana da sukudireba. Yana zare ƙusar ƙarshe sai sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan na ciki, ya yi tsalle, ya wuce ta gefen kunnensa, ya faɗa cikin tukunyar karkashin da nake kaɗawa. Da muciya na tsamo shi. Yara suka ce miyar ranar ta fi daɗi.

Ya ce fatar fistin ta mutu. Ya yanka sabuwa daga harshen takalminsa na zuwa sujada, na ƙafar hagu. Ya ce sifirin ya gaji, ya ɗaura shi a jikin mangwaro ya ja har ya ƙara tsawo. Ya cusa wosha huɗu a bayansa. Ya shafe shi da giris, sannan ya tsiyaya baƙin mai a ramin iska har yana dalala. Mayar da sifirin ciki ya ɗauke mu awa guda, ni na danne gindin bindigar da gwiwa, shi yana turawa yana kiran sunan Ubangiji, ba irin kiran da ake yi a coci ba.

A kwana ukun da aka yi ana wannan aiki shirwa ba ta samu komai ba, don ina zaune a waje riƙe da bindiga ko sifana. Maigida ya ce ta ji labari ne.

Ran Jumma'a da yamma aka yi gwaji. Ya miƙo mini fensir da bayan kalanda.

"Ke da kika yi yaƙi da jahilci, rubuta duk inda ya sauka. Haka ake saiti."

Yanzu bindigar ba ta karyuwa da hannu. Sai ya kafa gindinta a ƙasa, ya rataya a hancinta da dukan nauyinsa. Ya ɗaga, ya matse ta a kafaɗa, ya ja kunama.

Ƙarar da ta yi, har karnukan layin baya sun amsa. Hayaƙi shuɗi ya fito, bariki ya ɗauki warin loko.

"Kin ji ƙarfi?" in ji shi, yana murza kafaɗa.

"Na ji. Ina zan rubuta?"

Muka duba. Gwangwani na nan lafiya. Na rubuta: bai samu ba.

Na biyu ya huda bokitin wanka. Na uku ya kaɗo mangwaro ɗanye. Ya murɗa saitin baya zuwa dama, harsashi ya ƙara yin dama, ya ce to ai ƙasar ma can ta koma. Na rubuta "bai samu ba" sau tara. Malamarmu ta sha yi mini faɗa a kan harafin "b", ranar hannuna ya faɗa.

Baba ya dawo kan danga, ya ce, "Injiniya, faɗa mini inda kake nufi, in je in tsaya a wurin. Nan ne kawai lafiya."

"Mai ne bai gama zama ba."

"Man ne ke kama wuta a ciki, ɗana. Jirgi ka gina, saura fasinja."

Ana cikin haka kazar ta yi ƙara, inuwa ta gifta. Na ce, "Baban yara, ga ta nan." A hankali na faɗa, don na saba.

Ya rataya a hancin bindigar. Ta ƙi. Baba ya tsallako danga ya kama masa, su biyu suna nishi, har ta karye. Harsashi ya suɓuce cikin yashi, aka laluba, aka sa wani. Ya ɗaga sama ya harba. Wannan karon ba ƙara, sai wani "ƙwaras" a ciki, kamar an taka kwalba. Sifirin ne ya tsinke.

Ni ina riƙe da fensir, ina kallo shirwa ta sauko tsakanin turmi da ƙafar Baba, ta ɗauki ɗan tsako mai jan wuya, wanda ya fi su wayo, ta tashi ba gaggawa.

Sannan maigida ya girgiza bindigar kusa da kunnensa, ya ce ƙarfen Turawa ba shi da ƙwari, akwai wani sifirin a loko, na bawul, Litinin zai kawo.

Na ƙirga abin da ya rage. Huɗu. Daga Jumma'a zuwa Litinin la'asar uku ce.

Washegari da sassafe na tafi kasuwa wurin wata Hajiya mai kayan rini, na sayo galura ja. Matan ƙauyenmu suna cewa shirwa ba ta gane ɗan tsako in ya canja launi. Ban san gaskiyarsu ba, amma ba a taɓa huda bokiti da galura ba. Na dama a kasko, na tsoma su ɗaya bayan ɗaya, na ajiye a rana suna rawar sanyi, jajir kamar barkono. Uwarsu ta tsaya nesa tana kallonsu da ido ɗaya, ta daɗe kafin ta kira su.

Maigida ya fito da asawaki a baki, ya dube su, ya ce wannan ba ilimi ba ne.

Na ce, "I, Baban yara." Na wanke hannuna, na ɗauko tabarma na zauna kusa da su.