Sannu-Sannu da Wayar Bayan Lif

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum ƙarfe bakwai saura kwata na safe, wani siririn mutum yake buɗe ɗakin babbar kwamfutar asibitinmu, wadda ke riƙe da bayanan kowane majiyyaci. Ba ya taɓa komai sai ya tsaya ya saurari ƙarar fankokinta, ya duba ma'aunin sanyi, ya rubuta abin da ya gani a ɗan littafin aljihu. Daga nan ya ɗauki tocila ya bi wayoyin sadarwa da ƙafa, hawa bayan hawa. Ana kiransa Sannu-Sannu. Wani tsohon shugaban sashenmu na kwamfuta ne ya laƙa masa sunan, kuma ba don yabo ba. Shugaban nan shi ne mai wannan rubutu.

Ka'idar sashenmu tun daga shugaba na farko ita ce a yabi ma'aikaci da layi biyu a fayil ɗinsa. Shugaba na biyu ya taɓa yi wa mai gyaran janareta layi uku, aka shekara ana zancen. Ƙarshen watan nan Sannu-Sannu zai ajiye aiki, kuma yau za a karya ka'idar, bisa dalili.

Shekara tara da suka wuce, sadarwa tsakanin babbar kwamfutar da ɗakin gwajin jini ta soma ɗaukewa. Daƙiƙa arba'in, wani lokaci minti guda, sai ta dawo da kanta. Sakamakon gwaji ya maƙale a hanya, likita na tsaye, majiyyaci na kwance. Da an zo dubawa sai a tarar da komai lafiya lau. Shugaban ya sauya duk abin da ake sauyawa, ya gayyato masana daga waje, suka kwana uku suka ce na'ura ba ta da laifi. Aka cinye mako bakwai a haka.

Sai shugaban ya lura cewa abin da safe yake faruwa, lokacin da wata dattijuwa mai shigar da sakamako, wadda kowa ke kira Gwaggo, take bakin aiki. Ya tuna cewa a zamanin shugaba na biyu an sami magatakarda mai shurin soket da ƙafa, aka sallame shi, matsala ta ƙare. Tunda an taɓa yi, ya yanke cewa an sake yi. Aka sa kwamiti ya zauna ranar Alhamis don sallamar Gwaggo, saura mata shekara biyu ta kammala aiki da sunanta mai tsabta.

"Yallaɓai," in ji ta, "ni da nake danna madannan nan kamar mai taɓa ƙwai? Gwiwar da ba ta kai ni saman bene ita za ta kai ni ƙarƙashin tebur?"

Bai saurare ta ba. Ranar Litinin Sannu-Sannu ya shigo ofis ya roƙi kwana biyu.

"Masu digiri sun duba sun tafi," in ji shugaban. "Kai da tocilarka me za ka gani?"

"Ranka ya daɗe, su na'urar suka tambaya. Ni ginin nake so in tambaya."

A littafinsa akwai lokacin kowace ɗaukewa, sau sittin da uku, duk tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya na safe, babu ko ɗaya ranar hutun mako. Ya bar wa Gwaggo saƙon ta kira shi da zarar allo ya tsaya, ya zauna a benci a farfajiyar hawa na biyu yana kallon abin da ke motsi. Kira na farko ya zo daidai wucewar lif ɗin kaya. Na biyu ma haka.

Masu wanki suka gan shi a ƙofar lif, babbansu ya ce, "Injiniya, an rage maka girma ne ka dawo gadi?"

"Gadin naku nake. Yaushe kuka fara hawa da jiƙaƙƙun zannuwa?"

"Tun da injin busarwa ya mutu muke shanya a rufin bene. Mako bakwai ke nan, kafaɗunmu sun shaida."

Ya sa suka hau da lif babu kaya, shiru. Ya sa suka cika shi, sai ga muryar Gwaggo a waya: "Ya ɗauke!" Sau uku ana yi. Nauyin zannuwan ne ke karkata lif ɗin, ya gogi wayar sadarwa da ke manne a bangon ramin, har bawonta ya cinye.

Doka ta hana a bi da irin wannan waya ta ramin lif. Wanda ya bi da ita, tun yana sabon injiniya, don ya yanke hanya ya gama kafin ranar buɗe ginin, shi ne shugaban. Sa hannunsa na jikin zanen wayoyin ginin. Ranar Laraba da yamma Sannu-Sannu ya shigo, ya rufe ƙofa, ya ajiye zanen a tebur.

"Ranka ya daɗe, gobe zan ce waya ta tsufa a bayan lif. Babu ƙarya a ciki."

Haka ya faɗa a gaban kwamiti, bai ƙara kalma ba. Gwaggo ta koma kujerarta. Shugaban kuwa ya koma ofis. Da mutumin ya tona shi, da ya sami abin jin haushi ya huta. Amma a fi shi ido, sannan a fi shi hali, a mako guda! Ya jawo fayil ɗin Sannu-Sannu ya rubuta layi biyu kamar yadda aka saba: "Yana da ƙoƙari. Yana da jinkiri."

Kai ne, Sannu-Sannu, wanda na yi shekara tara ina kishinsa, har bayan na yi ritaya. Na yi kishin kunnenka, na yi kishin ɗan littafinka da ya fi rahotannina masu bango amfani. Ranar da Gwaggo ta yi bankwana, ta gaishe ni da ladabi, amma da ta zo kanka sai ta fashe da kuka, wannan ma na ƙirga maka. Har yau, in faɗi gaskiya, kishin bai gama sakina ba. Na bincika tarihin sashenmu kaf ina neman wanda ya riga ka irin wannan aiki, ko na rage maka, ban samu ba.

Ku masu tasowa, in layi ya ɗauke ya dawo, ku rubuta lokacin, ku tashi daga kujera ku bi wayar da ƙafa, kuma kada ku ɗora wa mutum laifi don kawai an taɓa samun mai irinsa.

Na gode, mai tocila, Allah ya ba ka hutu mai albarka. Wayar nan ni na bi da ita ta ramin lif, kuma ni na kusa raba Gwaggo da aikinta a kan kuskurena. Ga shi na faɗa da bakina a gaban jama'a. Ina roƙon shugaban da ke kan kujera yanzu ya buɗe fayil ɗinka kafin a rufe shi, ya soke layi na biyu.